Tutar Aksel

Ina cikin wanke kofuna na jiyo ihun Runa daga tsakar gidan Aksel, kuma na san ba faɗuwa ta yi ba. Ko takalmi ban tsaya sakawa ba. Na tarar ta ƙanƙame sandar tuta, igiya naɗe a hannunta, Bodil 'yar Aksel tana ɓamɓare mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Tutar tana can ƙololuwa tana kaɗawa kamar ranar biki. Aksel kuwa da asubar nan ya cika.

Runa 'yata ce, shekararta shida, likitoci sun ce galahanga gare ta. Kalmomin bakinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, abin da ta saba kuma in aka canja shi, ranar babu zaman lafiya. Ni da mijina Kasper babu irin hutun da ba mu gwada ba. Otal, jirgin ruwa, kwana a tanti, kowanne da kuka muke dawowa, mutane na binmu da ido. Akwai matar da ta taɓa ce mini tarbiyya ce yarinyar ta rasa. Har mun haƙura, sai muka samu ɗan gidan da ke bayan na Aksel a bakin teku a yankin Jylland, wanda yake bayarwa haya lokacin bazara.

Washegarin zuwanmu na farko Runa ta ɓace. Hankalina a tashe na same ta tsaye kusa da tsoho Aksel yana shirin ɗaga tuta. Bai gaishe ta ba, bai shafa kanta ba, bai nemi su haɗa ido ba. Igiyar kawai ya miƙa mata. Tun daga nan, bazara uku, ita ke jan tutar da safe har ta kai ƙarshe ta ce "Sama", kafin rana ta faɗi su sauke su ninke tare. Kyaftin yake kiranta. Ni kuma kullum sai ya tsokane ni, wai kofin da nake dafawa ruwan wankin kwano ne, amma bai taɓa barin ko ɗigo ba. A nan kaɗai nake zama in sha abu da zafinsa. A duk ƙasar nan ba mu da wani wurin hutu sai wannan.

Bana mun same shi ya rame, wando na zame masa. Bodil ta zo daga birni tana jinyarsa. Ba ya iya fitowa, sai dai a zaunar da shi bakin taga da bargo yana kallon Runa tana aikinta. Ana saura kwana biyu ya rasu na kai masa miyar kifi, ya kasa sha.

"Lene, in na tafi kada a tsayar mata da tutar nan a rabi," ya ce. "Ita ba za ta gane ba, ni kuma ba gani zan yi ba."

Na ce ya gaya wa Bodil mana. Ya yi 'yar dariya, wai Bodil halin uwarta ta ɗauko, ba a gaya mata magana. Ashe bai gaya mata ɗin ba.

Da safen da ya rasu Bodil ta yi abin da kowa ke yi a nan in an yi rashi: ta ja tutar har sama, sannan ta sassauto da ita rabin sanda. Runa na leƙe ta jikin shinge. A wurinta aiki ne aka bari ba a gama ba, sai ta je ta ƙarasa.

Maƙwabta sun riga sun ga tutar a rabi, sun fara zuwa da furanni. A gabansu na raba hannun Bodil da na 'yata, na faɗa mata abin da mahaifinta ya ce. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ubana ne ya mutu, Lene, ba abin wasan 'yarki ba. Shekara uku yana haƙuri da ihun nan don ba ya iya cewa a'a. Ni ina iyawa."

Ta ce da an yi jana'iza mu kwashe kayanmu, kuma baɗi kada mu kira neman haya. Mutanen da suka sha cin kek a teburina duk suka sunkuyar da kai suna kallon furanninsu. Kasper kuwa, wai shi mai hankali, haƙuri ya shiga ba ta, har da riƙe mata igiya ta mayar da tutar rabi. Na san uba ta rasa, na sani. Amma har yau ban yafe mata ba, shi ma Kasper ban gama da shi ba.

Kwanakin da suka biyo baya sandar a tsirara take. Na saki labule na kulle ƙofa. Runa ta yi ta buga goshi a jikin ƙofar har ya kumbura, ta ƙi burodi, ta ƙi dankalin da take so. Ranar jana'iza aka sake sa tutar a rabi, don haka Kasper ne ya je coci, ni na zauna gadi. Mutumin da ya fi kowa sanin 'yata, ban raka shi ba.

Da yamma muna loda mota suka dawo daga maƙabarta. In an binne mamaci akan mayar da tuta ƙololuwa, sai mijin Bodil ya fito da baƙar kwat ya ja ta sama, yana yi yana duba waya. Runa na kujerar baya, an ɗaure mata bel. Ta daina jijjiga jikin da take ta yi.

"Sama," ta ce.

Sannan ta juya ta kalli tagar Aksel. Kujerar na nan, an ninke bargon a kanta. Kasper ya tada mota. Ta madubi nake ganin hannuwanta, dama ta kama ta ja, hagu ta kama ta ja, babu igiya, har muka hau babban titi.