Wayar Bayan Rumfunan Albasa

Mubaraka tana aiki a wata cibiyar rigakafin dabbobi da wata ƙungiya ta buɗe a Goronyo, dab da kasuwar shanu. Ita ke karɓar makiyaya a ɗakin gaba, ta shigar da sunan mai garke a kwamfuta, da yawan dabbobinsa, da inda rugarsa take, don masu allura su san inda za su same shi. An ɗauke ta ne saboda tana jin Fillanci, kuma makiyayan yankin sun san gidansu a Tursa.

Wata ranar kasuwa sai ga Bube, ƙanen mahaifinta. Bayan sun gaisa ya faɗi sunansa ta rubuta, amma da ta tambayi yawan shanunsa sai ya ƙi faɗa. Can ya ba ta labarin maƙwabcinsa da ɓarayin shanu suka afka wa da damina. Kai tsaye suka zo, kamar an yi masu kwatance, kuma har yau ba a san bakin da ya kai maganar ba.

"Abin da nig gaya maki, in kin buga shi cikin abin ga, ina shika zuwa?"

Ta ce yana zuwa babbar kwamfuta a ginin baya, kuma sai da kalmar sirri ake buɗe ta.

"To, tsakanin nan da can, wa ka iya ji?"

"Baffa, ban sani ba," in ji ta. Ya ɗauki sandarsa ya fita, bai yi rajista ba.

Da aka tashi aiki ta kai tambayar wurin Albert, mutumin Kagoro, wanda ke kula da kwamfutocin cibiyar da na reshenta da ke Wurno. Bai tsaya kwantar mata da hankali ba, ya ce ta biyo shi. Suka zagaya bayan rumfunan 'yan albasa, inda wata shuɗiyar waya ta bi jikin katanga daga ɗakinta zuwa ginin baya. A tsakiya akwai ɗan akwatin roba, inda aka haɗa wayar lokacin da ɓera ya cinye ta. Da yatsa Albert ya buɗe shi. Ya saka wata 'yar na'ura ya jona da kwamfutarsa, sannan ya ce ta koma ta shigar da kowane suna ta ga dama. Ta ƙago wani Mujaheed mai ruga bayan Marnona. Da ta dawo, ga Mujaheed da shanunsa da rugarsa a fuskar kwamfutar Albert, ɓaro-ɓaro.

Ya bayyana mata cewa kalmar sirri ƙofar kwamfuta kawai take tsarewa. Tsohuwar manhajar da suke amfani da ita tana tura komai cikin wayar a buɗe, kuma wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin ƙungiyar. Ya ce ba shi da shaidar cewa wani ya taɓa leƙawa, amma kuma ko an leƙa ba zai sani ba. Mubaraka ta tsaya cikin warin albasa tana tuna fuskokin mutanen da suka faɗa mata inda suke kwana saboda sun san ubanta.

Washegari ta shaida wa Madam Patricia, shugabar cibiyar, cewa ba za ta ƙara shigar da bayanin kowa daga ɗakin gaba ba. Patricia ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce ba ta ga wanda ya iya irin wannan leƙen waya a rumfunan albasa ba, kuma sayen sababbin kaya sai da izinin hedikwata, ga lokacin allura ya kama. Mubaraka ta ce ta ji. Ta kinkimi kwamfutarta zuwa ginin baya, ta jona ta da babbar kwamfutar ta gajeriyar waya wadda take ganin farkonta da ƙarshenta.

Ɗakin ƙunci gare shi, ba taga, fanka kuma iskar zafi take juyawa. Makiyaya sai sun zagaya ta bayan turken raguna kafin su iso, suna ƙorafi. Ta riƙa ba su haƙuri tana share gumi da bakin hijabi.

Albert ya san maganin. Ya ce sunansa MACsec. Akwatunan raba layi da ke bakin wayar nan da can, waɗanda suke kira suwic, za su riƙe mabuɗin sirri ɗaya. Duk abin da zai shiga wayar sai an hautsina shi an kulle, ɗaya bakin ne kaɗai zai warware. Wanda ya jona a tsakiya shirme zai gani, in kuma ya cusa nasa saƙon za a watsar. Matsalar ita ce tsofaffin akwatunansu ba su iya wannan ba. Akwai guda a Wurno da ya iya, amma sai an sami biyu.

Wata azahar Patricia ta shigo ginin baya neman wani abu, ta tarar da wata tsohuwa ta sunkuyo tana raɗa wa Mubaraka inda rugar 'ya'yanta take, tana waiwayen ƙofa. Daga ranar Patricia ta matsa wa hedikwata da kira, har aka ɗoro akwati na biyun a motar Sakkwato.

Haɗin farko bai yi ba. Albert ya ɗauko na Wurno, ya saka mabuɗi a duka biyun, fitilar layin ta ƙi kamawa. Ga kasuwa ta ƙarato. Patricia ta ce a mayar da layin a buɗe na yini ɗaya kawai.

"Madam, ki bar ni cikin zahin nan," in ji Mubaraka. "Na saba da shi."

Daga baya Albert ya gano manhajar akwatin Wurno ce ta tsufa. Ya ɗaure shi a bayan babur ya koma Wurno, inda sabis ya fi ƙarfi, ya sabunta ta ya dawo. Da fitilar ta yi kore, suka sake zuwa bayan rumfuna. Mubaraka ta tura suna, kwamfutar Albert ta cika da haruffan da ba su da kai ba su da gindi. Duk da haka ya cire akwatin robar ya kafa na ƙarfe mai kwaɗo.

Ranar hutunta ta hau kabu-kabu zuwa Tursa. Ta faɗa wa Bube abin da aka yi, ba ta ƙara gishiri ba. Ta ce an kulle wayar, amma ba a kulle bakin mutum ba, kuma ita da Madam kaɗai ke iya buɗe bayanan. Sannan ya faɗa mata yawan shanun, amma ya ce inda za shi da rani kam, shi da kansa zai zo ya ja masu allura. Ta amince, ta bar gurbin rugarsa fanko.

A hanyar dawowa ta kira Albert, ta ce yanzu da suka ɗauke wa Wurno akwatinsu, tana son gobe su je su ga inda tasu wayar ta bi.