Abin da Ya Rage na Murja

Kwana arba'in da biyu da rasuwar Murja, uwarta Saude tana zaune a tsakar gida tana yanka tumatir. Bana tumatir ya yi yawa a Kura har motocin Kudu sun ƙoshi, kowa ya koma shanya kauɗa. Tun da aka fita da gawar, Saude ba ta zubar da hawaye ba. Mata sai yaba tawakkalinta suke yi, ita kuwa ta san ba tawakkali ba ne. Ba ta jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Shekara goma sha tara Murja ta yi tana fama da sikila. Da sanyi ya sauko, ko ta taka ruwan kanal, sai ciwon ya tashi, ta yi ta kiran ƙashinta ɗaya bayan ɗaya. Saude ta dafa ruwan zafi, ta yi tausa, ta kwana a kan tabarma a asibiti har masu shara sun san sunanta.

Da hantsi wata mata ta yi sallama. Likita Rukayya ce, ɗaya daga cikin masu binciken da suka ɗebi jinin Murja bara, da yardarta. Aka kira maigidan, Malam Abdussalam, daga zaure. Ta yi musu ta'aziyya, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ashe jinin nan bai ƙare ba. Ta ce sun ware wasu ƙwayoyin halitta daga cikinsa, ƙanana waɗanda ido ba ya gani, suka raine su a ɗakin bincike yadda ake rainon irin shinkafa kafin dashe. Daga baya aka gwada musu sabuwar dabarar nan ta gyara abin da mutum ya gada, aka gyara daidai inda sikilar take. Ta nuna musu hotuna biyu a waya. A na farko ƙwayoyin jinin sun lanƙwashe kamar lauje. A na biyu kuwa kowace ta zagaye tsaf, ba lanƙwasa ko ɗaya. Ta ce suna nan da rai, suna ta hayayyafa.

Saude ta kalli hoton ta mayar mata da wayar. Ihu bayan hari ke nan. An gyara jini, mai jinin tana maƙabarta.

Likitar ta ce maganin bai kai ga marasa lafiya a nan ba tukuna, ba za ta yi musu ƙarya ba. Amma tunda Murja ba ta nan, ƙa'idarsu ita ce su nemi izinin iyaye. In sun yarda, za a ci gaba da raya ƙwayoyin don amfanin wasu yaran. In ba su yarda ba, za a dakatar, a kawo musu abin da ya rage.

Malam ya ciro carbinsa. Mutumin da ake zuwa neman fatawarsa tun daga Bunkure, yau ga shi yana wasa da carbi kamar ɗalibin da bai yi tilawa ba. Can ya ce abin da suka taso a kai shi ne, duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ƙasa ake mayar da shi, daga mabiyiya har gashin askin suna. Ya ce kuma taimakon mara lafiya ba ƙaramin lada ba ne. Sai ya dubi matarsa.

"Ke kika yi jinya. Ke za ki faɗa."

Ita Saude ta riga ta gama shawara a ranta. Yarinyar nan ta sha allura, babu jijiyar da ba a huda ba. A kawo sauran a haɗa da mai shi, ta huta. Har ta buɗe baki za ta faɗa, sai wata tambaya ta riga ta fitowa.

"Likita, su waɗannan ɗin, suna jin ciwon?"

"A'a, Mama. Ba sa jin komai. Ciwon ma babu shi a cikinsu."

"Ko sanyi ya sauko?"

"Ko sanyi ya sauko."

Saude ta goge hannunta da gefen zane. Ta karɓi takardar izinin ci gaba da binciken, likitar ta nuna mata wurin, ta dangwala yatsa. Ruwan tumatir bai gama bushewa ba, sai shaidar ta fito ja-ja a gefen tawada.

"To, ku bar ta a can," in ji ta. "Shekara goma sha tara ina neman mata wurin da ba ciwo, ban samu ba."

Malam ya tashi ya raka baƙuwar. Saude ta jawo kwandon, ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da yanka.