Waƙafin da Ulfa Ke Gogewa

Sagiru bai iya doguwar waya ba. Tun da ya bar Bangui a shekarar rikici, cikin motar kaya, ya ƙare a Yamai inda ya yi karatu ya kama aiki a wata cibiyar nazarin ruwan sama, in ya kira gida gaisuwa ce kawai. Da Inna ta ce, "To yaushe za ka zo?" sai ya ce layi ba kyau. An rushe gidansu na unguwar Miskine, babansu kuma ya rasu a ɗakin haya a unguwar Kilomita Biyar ba su sake ganin juna ba. Ƙanwarsa Ulfa tana ƙarama ya tafi, fuskarsa ma a hoto ta fi saninta.

Ulfa ta girma ta samu aiki a wani ɗan asibiti bayan titin Koudoukou, tana shigar da adadin masu zazzaɓin cizon sauro a kwamfuta. Wata rana likitar wurin ta ce da za a samu mai haɗa alƙaluman nan da na ruwan sama, da sun san watan da za su tanadi magani. Ulfa ta ambata wa yayanta, don dai a samu abin faɗa.

"R za ki koya," in ji shi.

"Mene ne kuma R, Yaya?"

"Yare ne, amma da kwamfuta ake yinsa. Ki rubuta mata umarni, ta yi miki lissafi, ta zana miki abin da ta gano."

Ranar sai da batirin wayar ya mutu yana bayani.

Suka sa Asabar bayan la'asar. Da farko ta sha wuya. Ta buɗe alamar baka a rubutun ta manta ba ta rufe ba, kwamfuta ta watso mata jan rubutu da Turancin da ba ta ji. Shi yana yi mata Hausar Nijar, ita tana amsawa rabi da yaren Sango. "Alamar kibiyar nan," in ji shi, "kamar ki zuba gero a ƙwarya ne ki raɗa wa ƙwaryar suna. Duk sanda kika kira sunan, geronki na nan." Inna kuwa takan shimfiɗa tabarma kusa da su tana tsinke ganyen rogo. Ko kalma ɗaya ba ta ganewa. In Ulfa ta kai wayar kunne sai Inna ta ce, "Buɗe muryar, bar shi ya yi ta magana."

Ulfa ta sa kai. In an kawo kuran, wato wutar lantarki, a wurin aiki, ba ta fita cin abinci. Damina na ƙarewa ta fitar da zanenta na farko: layin ruwa ya hau, bayan 'yan makonni layin zazzaɓi ya bi shi. Likita ta manna shi a bango. Kafin wata daminar ta iya rubuta umarnin kanta, har taswira ta zana mai nuna yadda ciwon ya fi kama yaran unguwar Yakité.

Sai wata Asabar Sagiru ya duba aikinta ya ce, "Ai kin iya. Ba abin da zan ƙara miki. Gai da Inna." Ya kashe. Inna ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗaki.

Da mako ya zagayo, Ulfa ta goge waƙafi ɗaya daga tsakiyar rubutunta ta tura masa. "Yaya, ya ƙi tafiya." Ya daɗe yana nema, yana mita, yana ba su labarin zafin Yamai. Inna ta dawo da tabarma. Daga nan kowane mako sai Ulfa ta ɓata wani abu, kuma ta ƙware wajen zaɓen kuskuren da zai ci lokaci kafin a gano shi.

Ana haka, ran wata Talata da hantsi, shi ya kira. Muryarsa a gajiye. Lissafinsa na ruwan sama yana ba shi shirme, ga shi ana jiran rahoto. "Duba mini, ko idonki zai ga abin da nawa bai gani ba."

Tana buɗewa ta gani. "Kwamfutar ta ɗauki rana a matsayin wata, wata a matsayin rana. Gyara layin da ke karanta kwanan wata."

Ta ji ƙarar madannai, sannan ajiyar zuciya.

"Ulfa, mai idon ganin wannan ba ta manta waƙafi."

"In ba darasi ba ka tsayawa, Yaya. Inna na son jin muryarka. Ni ma."

"Ina jin tsoron in zo in tarar ba abin da na sani," ya ce a hankali. "Kina gida?"

"Ina wurin aiki."

"In kin koma ki ba ni Inna."

Da yamma ta miƙa wa Inna wayar, ta fita ƙofar gida ta zauna tana kallon 'yan acaɓa. Har aka kira magariba ba su gama ba.

Bai zo a shekarar ba. Ya ce fasfonsa ya ƙare, ya ce wataƙila bayan babbar salla. Amma ya turo mata alƙaluman ruwansa suka fara aiki tare, yanzu ita ke gyara masa. Inna kuma ta aika aka sayo sabuwar katifa daga kasuwa, aka jingine ta da bango cikin ledarta. Duk safiya, kafin ta ɗora ruwan shayi, sai ta sa tsumma ta share mata ƙura.