Wule Ce Ƙarshe

Asta ta ɗauki ƙwaryar tatsa ta wuce Wule ba ta ko kalle ta ba, ta je can ƙarshen garke ta durƙusa gindin wata jar saniya.

Wule saniyar habbanaye ce. Kawu Hamajoda, aminin babanta, shi ya ba su aron ta shekara biyu da suka wuce, ta zauna har ta haifa musu uku sannan ta koma. A duk rugagen da ke bayan Ngaundere, saniya irin wannan ita ake fara tatsa, don girmama mai ita. To amma tun farkon damina hantsar Wule ta kumbura, ta yi zafi. Bayanta shanu uku suka kamu, kuma su ne dai ukun da ke bin ta a layin tatsa. Ɗaya har nono guda ya mutu mata. Malamar dabbobi ta gaya wa Asta a kasuwa cewa a hannun mai tatsa ciwon yake tafiya, sai a bar masu ciwo ƙarshe. Saura bakwai masu lafiya. Baba ya ce ba za a bar Wule ƙarshe a garkensa ba.

Ga shi yau da safe Kawu Hamajoda da kansa ya zo ganin saniyarsa, yana tsaye da sanda a kafaɗa.

"Ke!" Baba ya ce ƙasa-ƙasa. "Idonki ne ya lalace? Ga ta nan."

"Na gan ta, Baba."

Kawu ya yi dariya. "Sambo, 'yar taka daga wutsiya take fara cin kifi ke nan?"

Asta ta ci gaba da tatsar jar saniyar. Ba ta tashi ba. Ta tatse bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta rufe ƙwaryarsu da faifai. Ta tatsi ukun nan a wata ƙwarya dabam, tana wanke hannu da sabulu tsakaninsu. Dariyar Kawu tuni ta ƙare.

Sannan ta zo wurin Wule. Ta kifa baƙar tukunya a ƙasa, ta matsa nonon a kanta. Ruwa ne rawaya ya fito, da gudaji-gudaji, da ɗan jini.

"Ku duba, Kawu."

Bai duba ba. "Wato cuta na kawo muku."

"Ban ce ba. Na ce ita ce ƙarshe, har ta warke."

"Yarinya ce, Hamajoda, ka bar ta da ni," in ji Baba. "Gobe za a gyara."

"Gobe ma ita ce ƙarshe," Asta ta ce. Muryarta ta fita da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya. "In kuwa dole a fara da ita, sai dai wani ya tatsa, kuma kada ya taɓa mini bakwai ɗin nan."

Kawu ya sauke sandarsa. "A kawo igiya. Saniyata ba ta bin bayan kowa."

Baba ya kama rigarsa yana roƙo, yana tuna masa amincinsu na shekara arba'in. Asta ce ta kwance igiyar. Ta shafa wuyan Wule, ta ɗaura mata, ta ɗan rusuna ta miƙa wa Kawu da hannu biyu.

"Da maraƙinta za ku tafi, ba ya rabuwa da ita tukuna," ta ce. "In kun isa, ku gaya wa mai ɗakinku Goggo ta bar ta ƙarshe wurin tatsa. Naku shanun sun fi namu yawa."