Farin Bangon Gidan Wankanmu

Takardar hukuma ta zo mana a watan Afrilu. Za a faɗaɗa titi, kuma gidan wankanmu, inda jama'ar unguwa ke biya su yi wankan ruwan zafi, yana kan layin da aka ja. Ni karatuna bai yi nisa ba, sai da na bi ta sau uku, sannan na kai wa Genzo-san, tsohon da ya fi kowa daɗewa yana wanka a wurinmu. Ya ce hanya ɗaya ce ta rage: in ofishin adana kayan tarihi ya sa gidan a rajistarsa, dole titi ya kauce mana.

"To ai magana ta ƙare, Rikuto," in ji shi, yana goge wuya da tawul. "Wane gini ne a unguwar nan ya kai naku? A nan fa aka kashe oga."

A fim yake nufi. Shekara arba'in da suka wuce, Darakta Nagumo, lokacin ba wanda ya san shi, ya yi wani fim na 'yan daba a unguwarmu ta bakin tashar jiragen ruwa. Kakana ne ke riƙe da gidan, ni ba a ma haife ni ba. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Sai da Nagumo ya tsufa, ya ciwo manyan kyaututtuka a ƙasashen waje, aka tono tsofaffin ayyukansa, baƙi suka fara zuwa mana da kyamara a wuya. A lokacin Baba ya riga ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi. Ni nake hura wuta, ni nake wanke kwamin ruwan zafi, ni nake zama a bakin ƙofa.

Na kalli fim ɗin ya fi sau talatin. In zan faɗi gaskiya, rabinsa ba ya kalluwa. Matar da ke ciki ba a ba ta aikin komai ba sai kuka a bakin taga. 'Yan wasan daga Tokyo aka kwaso su, in sun kwaikwayi maganar unguwarmu tsofaffi dariya suke yi. A ƙarshe kuma harbe-harbe ne, bindiga ɗaya ta yi ta aman harsashi kamar famfo. Amma akwai minti shida a tsakiya. Maza tsirara a gidan wanka, ba makami, ba kiɗa, ba mai magana, sai ƙarar ruwa da bokitin katako. Yaron oga yana cuɗa wa ogansa baya a hankali, da ladabi, kuma duk wanda ke wurin ya san shi aka aiko ya kashe shi. Shi ma ogan ya sani. Ya lumshe ido ya bari ana cuɗa shi. Bayansu bango ne fari fat, ba komai a jikinsa. Har yau in na kai wurin nan sai na mayar da shi baya na sake kallo.

Genzo-san yana ciki, na uku daga hagu, ya juya baya. Saboda zanen tawadar da ke fatar jikinsa aka ɗauke shi, don da can ɗan ƙungiyar 'yan daba ne na gaske. Wurare da yawa ba sa barin masu zane su shiga ruwa, mu muna bari. Duk baƙon da ya zo, sai ya zaunar da shi ya nuna masa daidai inda ya tsuguna ranar.

Sai dai baƙin suna shiga sai fuskarsu ta sauya. Bangonmu ba fari ba ne. Tayil ne mai zanen kifaye ja da fari suna iyo cikin ciyawar ruwa, tun daga ƙasa har sama da kai, wasu sun tsage, wasu sun yi baƙi a gefe. "Ashe an sauya wurin," haka suke cewa. Genzo-san ya ce musu, ya ce mini, kakana ne ya liƙa kifayen bayan an gama fim. Shekara uku da suka wuce na rufe gidan kwana tara, na ɗauki guduma na sauke su da hannuna, na sa farin tayil irin na fim. Baƙi suka ji daɗi. Ni ma na ji.

Na rubuta wa Darakta Nagumo wasiƙa, na roƙe shi ya sa baki. Ban zaci amsa ba, sai ga shi ya ce zai zo da kansa. Na daidaita ranar da zuwan Shiraishi-san, matar da ofishin kayan tarihin ya turo ta duba gini. Suka iso wajen sha ɗaya na safe, tun ba mu buɗe ba. Genzo-san ya riga su, ya sa kwat ɗin da ban taɓa gani ba, amma ya kasa zama wuri ɗaya.

Daraktan ɗan ƙaramin tsoho ne mai sanda. Ya tsaya a titi ya daɗe yana kallon bututun hayaƙi. Ya cire takalmi, ya rusuna wa Baba da ke kujerarsa a ɗakin tuɓe kaya. Na kawo musu shayin sha'ir.

"Ka ce sau talatin ka kalla?" ya tambaye ni. "Kai, sannu da haƙuri. Ni sau biyu na iya. Ka ga matar nan? Ta fi su duka iya wasa, na tsayar da ita a taga wata guda. Har ta rasu ba ta ƙara gaishe ni ba."

"Amma wurin wankan, Darakta..."

"Wannan kam ya yi. Shi kaɗai. To, mu je in ga kifayena."

Na zaci ban ji daidai ba. Na ja ƙofar gilashi, muka shiga. Na wanke wurin tun asuba, bangon yana ta ƙyalli. Ya tsaya. Ya juya hagu, ya juya dama, ya leƙa ta kan katangar ɓangaren mata.

"Ina suke?"

Shiraishi-san ta zaro wani tsohon hoto daga jakarta, ta kalli hoton, ta kalli bango. "Ni ma su na zo gani," ta ce a hankali. "Zanen hannu ne, tun kafin yaƙin duniya. A rubuce yake a wurinmu cewa irinsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba."

"Na mayar da shi yadda yake a fim ne," na ce.

Daraktan ya zauna a bakin kwami, bai damu da jiƙa ba. "Yaro, ba a nan na ɗauki wurin ba. Ƙofa da bututu da ɗakin tuɓe kaya, su ne naku. Kwana biyu na gwada a nan, tururi ya rufe kyamara, kuma duk wanda ya leƙa sai idonsa ya tafi kan kifayen ya bar fuskar oga. Sun fi ƙarfina. Sai na gudu situdiyo, na sa aka kafa katako aka shafa masa farin fenti. Shekara arba'in ina jin haushin kaina. Da na iya aiki a lokacin, da a gabansu zan kashe shi."

Na juya wurin Genzo-san. Yana tsaye a ƙofa, ya ba mu baya, da safa a ƙafa, ruwa ya jiƙa ta.

"Kai, na gane bayan nan ko cikin kwat!" in ji Darakta. "Ba kai ne ka yi amai a bas ba, ranar da aka kwashe ku zuwa situdiyo?"

"Darakta yana da tuni," Genzo-san ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Genzo-san," na ce, "kwana tara ina fasawa. Kullum kana zuwa kana kawo mini kofi."

"Na ɗauka tayil ne kawai, Rikuto. Tsofaffi, duk sun tsage." Ya shafa kai. "Mutum guda na yi wa ƙaryar da farko, wani ɗalibi. Ya kira ni Sensei, wato malam. Ni, Sensei! Daga nan ban san ta inda zan koma ba."

Ban yi masa faɗa ba, ban iya ba. Abin da ya faɗo mini shi ne Baba. Ranar da na fara bugun bangon, ya yi ta wani gurnani daga kujerarsa, yana dukan hannun kujera da hannunsa mai lafiya. Na ɗauka ƙura ce ta dame shi. Na sa masa ƙyallen rufe hanci, na tura shi ɗakin baya, na kunna masa rediyo.

"Ko guntaye ba ka ajiye ba?" Shiraishi-san ta tambaya. "Ko a buhu? Ana iya haɗa su."

"Mota ta kwashe."

Ta rubuta wani abu gajere. Sai na durƙusa a kan tayil ɗin a gaban Darakta, na kai goshina ƙasa. Na ce ya rubuta kawai cewa a nan aka ɗauka, kowa ya riga ya yarda da haka, ba wanda zai cutu.

"Tashi, tashi, gwiwarka za ta jiƙe," ya ce. "Ga ta nan tsaye, ta ji da kunnenta. Zan rubuta cewa ƙofarku da bututunku suna cikin fim ɗina. Sakan goma sha ɗaya ne, in ban manta ba. Zan rubuta da kyau."

"Zan sa a rahoto," in ji Shiraishi-san. Ta rusuna mini ƙasa sosai, fiye da yadda ya kamata a rusuna wa irina. A nan na gane gidan ba zai shiga rajista ba.

Darakta ya cika alkawari. Wasiƙarsa shafi biyu ce, da hatiminsa. Amsar ofishi ta zo a watan Yuli, layi huɗu: an sauya cikin ginin, bai cika sharaɗi ba. Ƙarshen Oktoba za mu fita. Genzo-san bai ƙara zuwa ba. An ce yana wanka a baho a ɗakinsa, ga shi gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa.

Na yi kwana huɗu da takardar a aljihu. Ran na biyar, ina yi wa Baba aski wajen tsakar rana, na ajiye reza na gaya masa duka, har da maganar kifayen, na ce ni ne. Bai yi gurnani ba. Ya ɗago hannunsa mai lafiya ya kama wuyan hannuna ya riƙe, kumfa na bushewa a kumatunsa. Riƙon yana da ƙarfi, har ya yi mini zafi. Na duba idonsa in ga ko fushi ne ko tausayi, na kasa ganewa. Muka zauna haka har ƙarfe ɗaya ta wuce, lokacin hura wuta, bai sake ni ba, ni ma ban ja hannuna ba.