Takalmin Yaya a Cikin Ruwa

Ranar Asabar ce kaɗai Tela yake rufe shagonsa da wuri. Sai ya rataya usur a wuya ya nufi filin da ke bayan makarantar firamare, inda magidantan unguwa suke buga ƙwallo. Babu yaro a cikinsu. Masu tumbi ne da masu furfura, rabi da jar riga, rabi da shuɗiya. Sun naɗa Tela alƙalin wasa ne saboda shi kaɗai ne ba ya fushi, kuma shi kaɗai ya yarda ya je ɗan horon da aka yi wa alƙalan sa-kai.

Suna da doka guda da suka kafa tun farko: duk ƙungiyar da ɗan wasanta ya bar fili kafin usur na ƙarshe, an cinye ta. Dalili kuwa, a da, da zarar an zura wa wasu ƙwallo biyu, sai wannan ya tuna an kawo masa aiki, wancan ya ce uwargida na nemansa. Dokar ta gyara su, har ya zama ko ruwa ake yi da ƙanƙara ba mai motsawa.

A cikin masu jar riga akwai Mai Burodi, yayan Tela uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da aka fara wasan nan yake tsaron baya, kuma bai taɓa cin ƙwallo ba, sai dai sau ɗaya da ya zura a ragarsu. Yanzu likita ya duba gwiwarsa ya ce ya isa haka. Wasan yau shi ne na ƙarshe a gare shi, kowa ya sani.

Ana kunnen doki, lokaci ya kusa cika, wani mai shuɗiyar riga ya tare ƙwallo da hannu a gaban raga. Tela ya busa fenariti. Masu ja suka dubi juna, suka ɗauki ƙwallon suka miƙa wa Mai Burodi.

Bakanike, golan shuɗaye, ya tafa safar hannunsa. "Tsoho, kada ka zaci zan tausaya maka. Ko kuka za ka yi sai na kama."

"Kama abin da ka gani," in ji Mai Burodi. Ya ajiye ƙwallon a wurin bugu.

A lokacin ne walƙiya ta gifta can bayan rufin makarantar. Tun ɗazu hadari yake haɗowa, amma ba wanda ya kula. Jim kaɗan sai rugugin tsawa ya biyo baya, a hankali, kamar ana jan tebur a ɗakin sama.

Tela ya busa usur, ya ɗaga hannu. "An tsayar da wasa. Kowa ya shiga aji."

"Haba alƙali, ai ko yayyafi ba a fara ba."

"Ba ruwan nake gudu ba. In dai kunnenka ya ji tsawa, to tana iya kaiwa inda kake tsaye. Mu tafi."

Wasu suka nufi babbar bishiyar da suke rataye jakunkunansu. Ya ce su ɗauki kayansu su bar wurin, gindin bishiya ya fi fili haɗari. Wasu suka nuna rumfar kwano ta masu kallo. Ya ce wadda ba ta da bango ba mafaka ba ce. Amma da suka kai bakin fili, ba wanda ya tsallake layi.

"Mun gane," in ji Bakanike. "So kake mu fita ka ce an cinye mu, ka ba yayanka wasa a kyauta."

Mai Burodi kuwa yana tsaye a kan ƙwallon bai motsa ba. "Auta, bugu ɗaya ne. Kafin ka rufe baki na gama."

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Ni na goya ka zuwa makarantar nan, yau ni za ka hana?"

"Kai ka goya ni. Shi ya sa ba zan iya zuwa gidanka in tsaya gaban yaranka in ce bugu ɗaya ne ba."

Mai Burodi ya dubi sama, ya dubi raga. "In na fita, na fita ke nan. Ka san dokar. Kuma ni ba ni da wata Asabar."

Tela ya sunkuya ya ɗauke ƙwallon. "Cire takalminka na dama."

"Me?"

"Cire ka ajiye a nan. Muddin takalminka na cikin fili, kana cikin fili. Ni ne alƙali, na yanke. Kai ma Bakanike, bar safar hannunka a raga. Sauran kowa ya jefa abin da zai jefa. Maza."

Wani ya fara dariya, ya cire hularsa ya wurga. Sai riguna da safa suka biyo baya. Mai Burodi ya tuɓe takalmin ya ajiye daidai wurin bugu, ya bi su yana ɗingishi, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa mai huda a babban yatsa.

Mai gadin makaranta ya buɗe musu ajin 'yan shekarar farko. Manyan mutane suka takure a kan ƙananan bencina, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Tela ya ce a rufe tagogi a matsa daga jikinsu. Suna zama ruwa ya kece.

"Sai yaushe?" in ji Bakanike.

"Rabin awa bayan tsawar ƙarshe."

"To ai ta wuce."

Bai rufe baki ba aka sake yin wata, mai ƙarfi, har gilashin taga ya amsa. Tela ya dubi agogonsa. "Mun koma farko."

"Wannan ba alƙali ba ne, malamin horo ne."

Wani ya ɗauki alli ya zana Mai Burodi a allo, da ƙaton ciki da ƙafa ɗaya. Aka yi dariya, ban da shi. Yana zaune a kusurwa yana murza gwiwarsa. Tela ya je ya zauna kusa da shi.

"In duhu ya riga mu fa?" Mai Burodi ya tambaya, bai dube shi ba.

"Zai iya. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Can Mai Burodi ya ce, "Kana ƙarami, in aka yi tsawa, ƙarƙashin gadona kake shiga."

"Har yanzu tsoronta nake ji, Yaya. Bambancin kawai yanzu ina da usur."

Mai Burodi ya yi ɗan murmushi, ya dungure masa kai.

Ruwa ya ɗauke, amma Tela bai bari an fita ba sai da lokacin ya cika. Da suka fito, akwai sauran haske a yamma. Bishiyar na tsaye lafiya lau, rumfar ma haka.

"Ka gani? Ba abin da ya faru," in ji Bakanike.

"Haka nake so," in ji Tela.

Takalmin na nan inda aka bar shi, cike da ruwa. Mai Burodi ya juye shi, ya cusa ƙafa, ya ɗaure igiya. Bakanike ya matse safar hannunsa ya tsaya a cikin caɓi. Aka busa usur.

Mai Burodi ya ja da baya, idonsa na kan kusurwar dama. Ya taho, jiƙaƙƙen takalmin ya zame, ƙwallon ya bugi gefen ƙafarsa ya nufi hagu. Bakanike ya riga ya faɗa dama, yana kwance cikin taɓo yana kallo. Ƙwallon ya gangara a hankali, ya taɓi turke, ya shige.

Ja da shuɗi duka suka rufe Mai Burodi. Da ƙyar ya fito daga cikinsu, riga a karkace, yana haki.

"Can na nufa tun farko," ya ce wa Bakanike.

"Ƙarya kake, tsoho."

A hanyar gida takalmin na ta ƙara, caɓal caɓal. Mai Burodi ya dafa kafaɗar ƙaninsa saboda gwiwar.

"Auta, ranar Asabar zan zo in zauna a bakin layi. Kai ka duba ƙwallo, ni in duba sama."

"Sai na samo maka usur."

"Mai ƙara. Waɗannan mutanen ba sa ji."