Kwamfutar Yaya Ta Daina Magana

Shekara goma sha ɗaya ke nan da idanun Yaya suka rufe, kuma tun daga lokacin wata manhaja ce ke karanta masa duk abin da ke kan allon tsohuwar kwamfutarsa. Da ita yake duba rubutun ɗalibansa. Ranar Talata sai ta yi gum.

Ƙanwarsa Auta, wadda rubuta manhaja ce sana'arta, ta ce, "Kwantar da hankalinka, Yaya. Masu ita sun saki asalin rubutunta kyauta ga kowa. Yanzu zan ɗauko in harhaɗa maka sabuwa."

Ta harhaɗa a kwamfutarta ta ofis, ta tashi lafiya lau. Ta gwada a waya, ta yi magana ras. Da ta zo kan kwamfutar Yaya, sai jajayen layuka suka cika allo. Wani ɓangare da manhajar ta dogara da shi ya daina aiki da tsarin wannan na'ura. Ta lalubo tsohonsa, shi kuma ya nemi wani da tuni aka goge daga intanet.

Kwana huɗu tana abu ɗaya a teburin falo. Kowane gwaji sai ya ci minti arba'in, na'urar tana huci, ya kusa kaiwa ƙarshe, ya rushe.

Ta rubuta wa masu kula da manhajar. Wani ya amsa cikin ladabi: "Ki yi haƙuri. Mai kula da wannan tsarin ya rasu bara, kuma babu mai irin na'urar a cikinmu."

"Ya dai, injiniya?" in ji Yaya daga kujerarsa.

"Saura kaɗan."

"Ke Auta, tun kina rarrafe nake gane ƙaryarki."

Auta ta miƙe. Ta ɗauko tata kwamfutar ta ɗora masa a cinya. Ya shafa madannan a hankali. Ba inda yatsunsa suka saba suke ba. Ya danna ɗaya, wata baƙuwar murya ta zubo masa magana da sauri. Ya danna wani, shafin ya rufe.

"Wannan faɗa take yi da ni ne?"

Ta kama yatsansa ta ɗora a kan madannin da ya dace. Tana sakin hannun, ya sake ɓata. Ta tsaya a bayansa, ta sake kama yatsan ta mayar masa kan madannin.